Darasi: Tsimin Itace A Lokacin Hunturu

'Yan'uwa, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu itace ba ya daɗewa a gida, domin ga girki ga jin ɗumi. Matanmu ke shan doguwar tafiya nemansa, daji kuwa sai raguwa yake yi. Itatuwa amana ce daga Allah, wajibi ne mu yi tattalinsu. Ga wata dabara da muke koyarwa a zumuntar mata, wato kwandon dafuwa.

1. A saƙa babban kwando, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, kaurin faɗin tafin hannu. A ɗinka matashi da tsummoki domin rufewa.

2. A jiƙa wake tun dare. Ruwan jiƙon a zuba shi gindin zogale, kada a zubar a banza.

3. Da safe a tafasa waken minti 15 cikin tukunya mai murfi. A sauke da zafinta, a sa cikin kwandon, a danne da matashi. Kada a buɗe sai bayan awa 4. Shinkafa kuwa tafasar minti 5 da awa 1 a kwando sun ishe ta.

Ciyawa tana riƙe zafi kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki, saboda haka abinci yakan ƙarasa nuna ba wuta. In ya huce, a sake tafasawa kafin a ba yara.

Itacen da ya ragu sai mu ji ɗumi da shi. Amma kada mu kwana da kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki, gama iskarsa tana kisa.

Tambaya: Dami nawa gidanku ke ƙonawa a mako? Ku ƙirga, ku gwada kwandon, ku sake ƙirgawa.