Ranar da Ma'aunin Ruwan Jirgi Ya Yi Ƙarya

A wannan makon za mu leƙa Ingila, inda wasu mutane ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa da hannunsu. Kada ku ɗauka irin na wasan yara ne masu batir. Kwal ake zuba musu, a hura wuta, ruwa ya tafasa a tukunyar jan ƙarfe, tururi ya tura ƙafafun, kamar dai jirgin da ya fara isowa Kano a 1911. Faɗin titinsu inci 5 ne ko inci 7 da kwata, amma suna jan manya da yara.

Direban ba ya iya ganin cikin tukunya. Abin da yake kallo shi ne wani ɗan bututun gilashi da ke tsaye a gabansa. Bakinsa na sama yana haɗe da wurin tururi, na ƙasa kuma da wurin ruwa, don haka inda ruwa ya tsaya a gilashi nan ya tsaya a tukunya. Me ya sa ake damuwa da shi haka? Saboda rufin murhun yana cikin tukunyar, ruwa ne ke hana shi ƙonewa. Idan ruwan ya sauka ya bar shi a fili, ƙarfen zai yi laushi, tukunya tana iya fashewa.

To, wannan gilashin yakan yi ƙarya. Kun san farin dattin nan da ke manne a cikin tsohuwar butar shayi? Shi ne yake toshe ƙofofinsa. Idan ta sama ta toshe, tururin da ya maƙale a gilashi zai huce ya koma ruwa, sai ƙarfin tukunya ya turo ruwa ya cika wurin. Direba ya ga gilashi cike, alhali tukunya ta kusa bushewa. Idan ta ƙasa ce ta toshe, ruwan zai tsaya cik, ya riƙa ƙaruwa a hankali da tururin da ke ɗigowa daga sama. A ganinmu abin tsoron shi ne duka ƙaryar biyu cewa suke yi akwai ruwa.

Lafiyayyen ma'auni ruwansa yana rawa sama da ƙasa idan jirgi na tafiya. Da direba ya ga bai yarda da shi ba, sai ya buɗe ɗan famfon da ke gindin gilashin, ruwa da tururi su feso waje, sannan ya rufe. In ruwan ya dawo nan take, lafiya lau. In yana hawowa kamar hawainiya, sai a bari tukunya ta huce a zura siririyar waya a share hanyar. Wannan famfon kuma shi ke korar kumfar da kan maƙale a tsakiya, don gilashin siriri ne, bai kai kaurin biro ba.

Gangara ma tana ruɗar mutum: gilashin a bayan tukunya yake, don haka a hawa ruwa ya taru baya ya nuna da yawa, a sauka ya gudu gaba. Fashewar gilashi kuwa yawanci daga ɗaure noti da ƙarfi ne, ko bakunan biyu ba su saitu ba. Idan ruwa ya ɓace gaba ɗaya, ba a tsayawa shawara, zubar da wutar ake yi.

Ku gwada wannan a gida. Ku aro farin tiyon da magina ke auna daidaiton gini da shi, ku zuba ruwa, ku ɗaga bakunan biyu. Ruwan zai tsaya daidai a kowane ɓangare. Yanzu ku toshe baki ɗaya da babban yatsa, ku ɗaga ɗayan sama, ku ga ko zai sake daidaita.