Darasin Juma'a: Sulusin Wasiyya, Kuɗin Fansho da Rabon Ɗalibai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, akasarinmu fatauci ne ya kawo mu Jalingo. Shago a nan, gida a Kano ko Katsina ko Maraɗi, bashi kuma a wurin ubangida a Kantin Kwari ko Dawanau. Lissafin duka a kan mutum ɗaya yake. Ranar da ya faɗi, iyali su shiga ruɗani, alherin da ya yi niyya kuma a binne shi tare da shi. Darasin yau a kan yadda za a tsara wannan alheri ne tun da sauran numfashi, musamman don taimakon karatu.

Mu fara da tsarin da shari'a ta shimfiɗa. Idan mutum ya rasu, kuɗin jana'iza ake fara cirewa daga dukiyarsa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Asalin wannan shi ne labarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas, wanda ya yi rashin lafiya a Makka ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. Haka nan ba a yi wa magaji wasiyya. Abin da ya haura sulusi sai magada sun yarda.

Ga misali. A ce ɗan kasuwa ya bar gida da shago da kaya na naira miliyan 15. Jana'iza da basussuka sun ci miliyan 3, saura 12. Iyakar abin da wasiyyarsa za ta ɗauka miliyan 4 ne, magada su raba 8. Kun ga daga 12 aka yi lissafin, ba daga 15 ba. A nan mutane da yawa suke kuskure.

To me ya sa karatu? Domin cikin abubuwa uku da hadisin Abu Huraira ya ce ladansu ba ya yankewa akwai sadaka mai gudana da ilmi mai amfani, kuma wanda ya ɗauki nauyin ɗalibi ya haɗa biyun. Masana tarihi sun ruwaito cewa Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859 da gadon mahaifinta, wanda ɗan kasuwa ne da ya yi ƙaura daga Ƙairawan. Baƙi ne kamar mu, ga shi har yau ana karatu a wurin. A Amurka ma, jami'ar Harvard ta samo sunanta ne daga mutumin da ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafansa.

A nan gida muna da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari ta 2011, da Kwalejin Ilimi ta Zing. Duk mun san yaron da ya samu gurbi ya zauna a gida saboda kuɗin rajista. Ba sai mai biliyan ba. Shago ɗaya da aka mayar waƙafi, kuɗin hayarsa na iya riƙe ɗalibi shekara bayan shekara.

Sai dai a lura da bambanci. Wasiyya bayan mutuwa take aiki, kuma mai ita yana iya sauya ta ko ya soke ta. Waƙafi da kyauta kuwa tun da rai ake yinsu, kuma mai lafiya ba a iyakance masa sulusi ba. Amma a mazhabar Malikiyya sai abin ya fita daga hannunsa ya shiga hannun wanda zai kula da shi. Wanda ya ce ya bayar da gida, ya ci gaba da riƙe shi har ya rasu, gidan ya koma gado. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuma hukuncin sulusi take bi.

Sai batun fansho, don cikinmu akwai masu 'ya'ya a aikin gwamnatin tarayya da kamfanoni. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aikin ya zuba 10. A 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsari don 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, akwai kuma asusun da ba ruwa a cikinsa. Idan mai asusu ya rasu, kamfanin fansho yana neman wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado kafin ya saki kuɗin. Sunan ɗan'uwa na kusa da aka rubuta a fom bai mayar da shi mai kuɗin ba. Don haka mai son jami'a ta samu wani kaso sai ya ambata a wasiyyarsa, kuma a haɗa kuɗin asusun da sauran dukiya wajen lissafin sulusi.

Ga abin da ya kamata a yi. A rubuta dukiya da bashi, na nan da na gida. A rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu adilai, a nuna wa malami masanin gado da lauya. A fayyace manufa: kuɗin rajistar marayu ne, ko littattafai, ko rijiyar burtsatse a ɗakunan kwanan ɗalibai. A je makarantar a tambayi ofishin da ke karɓar irin wannan, a yi yarjejeniya a rubuce. A naɗa wasiyyi mai amana, a sa masa mataimaki. Sannan a sanar da mata da 'ya'ya tun yanzu, domin wasiyyar da aka fara ji a ranar sadakar uku ita ce ke ƙarewa a gaban alƙali.

Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, rashin rubutawa ma ba ya nisanta shi. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sanya albarka a abin da za mu bari. Amin.