Ƙagewar Gaɓoɓi Tun Daga Ciki: Iyaye, Ku Nemi Juna

A sashenmu na gashin ƙashi akan kawo jariri da aka haifa gwiwar hannunsa ba ta lanƙwasuwa, wuyan hannu a tanƙware, tafin ƙafa a murɗe ciki. Likitoci na kiran lalurar atrogiraifosis, wato ƙagewar gaɓoɓi a sassa biyu ko fiye na jiki tun kafin haihuwa. Kusan jariri ɗaya cikin 3,000 ake haifa da ita, shi ya sa uwa kan ɗauka a kanta aka fara.

Gaɓa sai da motsi take ginuwa daidai. Idan ɗan tayi bai motsa sosai ba, saboda raunin tsoka, matsalar jijiya ko ƙarancin ruwan mahaifa, sai gaɓoɓin su ƙage. Babu hannun maye ko iska a ciki, kuma ba sakacin uwa ba ne. Galibi lalurar ba ta ci gaba da tsananta, yawancin yaran kuma basirarsu ƙalau take.

Muna fara miƙa gaɓoɓin a hankali tun makonnin farko. Ƙafar da ta murɗe akan sa mata siminti, ana sauya shi mako-mako bisa tsarin Ponseti, daga baya a koma takalmin ƙarfe. Wasu sai an yi musu tiyata. Kada a kai jaririn wurin mai ɗori ya miƙe shi da ƙarfi, domin ƙashinsa ba shi da wuyar karyewa.

Amma ni sau ɗaya nake ganin yaro a mako, uwa kuwa kullum take wannan aiki, shekara da shekaru. A nan ne da yawa ke sarewa. Na lura wadda ta daina zuwa asibiti galibi ita ce wadda ba ta da abokiyar shawara. Yadda yaro zai kai loma baki, ya sa riga, ya yi tsarki, ya riƙe alƙalami, uwar da ta riga ta bi hanyar ta fi ni iya koyar da shi. Haka kuma ranar da uba ya ga baligi mai irin lalurar ɗansa yana sana'a, maganar cire yaron daga makaranta takan mutu.

A Birtaniya iyalai sun kafa ƙungiyarsu tun shekarun 1980. A Amurka ma akwai ƙungiyar da ke tara su taro duk shekara, kuma kowace 30 ga Yuni ana sa shuɗin kaya don wayar da kai. Mu ma ba sai da ofis ba. Iyaye biyar da ke haɗuwa a layin asibiti sun isa su buɗe zauren WhatsApp, su yi adashin kuɗin mota, su riƙa ba juna takalman da yara suka girme bayan ma'aikaci ya duba. Idan makaranta ta ƙi karɓar yaro, su je a ƙungiyance, domin dokar hana wariyar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 tana bayansu.

Sharaɗi biyu nake gindayawa: kada zauren ya zama wurin tallar magani, kada kuma a yaɗa hoton yaro don neman taimako ba da yardar iyayensa ba. Ranar asibitinku ta gaba, ku roƙi ma'aikacin da ke duba ɗanku ya haɗa ku da wasu iyayen da suka amince.