Fatar Shayin Kombuca a Kan Gyambo

Likita, mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma wata uku ke nan gyambo ya fito mata a idon sawu ya ƙi warkewa. Wata ƙawata da ke jiƙa shayin kombuca a gida ta ba ni fatar da ke tasowa a samansa, ta ce in riƙa shimfiɗa mata a kan ciwon, wai har Turawa suna yin bandeji da ita. In gwada?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kada ki gwada. Amma ƙawarki ba ƙarya zalla ta yi miki ba, shi ya sa maganar take buƙatar a warware ta.

Kombuca shayi ne da ake zuba wa sukari, a saka masa irin ƙwayoyin bakteriya da yis, a rufe bakin tulun da ƙyalle, a bar shi kwana 7 zuwa 14 har ya yi tsami. An daɗe ana shan sa a ƙasar Sin da Rasha kafin ya bazu zuwa Turai da Amurka. Yayin da yake tsami, wani faifai mai santsi yana taruwa a samansa. Duk wanda ya taɓa shi zai ce jiƙaƙƙiyar ganda ce: fari-fari, mai kauri, yana zillewa a hannu. Bakteriyar ce ke saƙa shi da irin zaren da ke cikin auduga. Tun 1886 wani masani ɗan Ingila, A. J. Brown, ya gano wannan zare a cikin uwar ruwan kal. Zaren yana riƙe ruwa sosai, ba ya manne wa ciwo, shi ya sa a shekarun 1980 aka fara yin bandejin ƙuna da shi a Barazil, da sunan Biofill.

To a nan ne hanya ta rabu. Kafin bandejin asibiti ya taɓa jikin mutum, sai an dafa shi a ruwan soda mai ƙarfi, an wanke, an kashe duk wani abu mai rai da ke cikinsa, sannan a liƙe shi a leda. Zaren kawai ya rage. Na tulun ƙawarki kuwa rayayye ne. Akwai yis a ciki, akwai ragowar sukari, akwai duk abin da hannu da ƙura da ƙananan ƙudaje suka kai masa. Ciki yana da tsaminsa da ke kashe yawancin waɗannan idan an sha. Buɗaɗɗen ciwo ba shi da wannan gata; ƙofa ce kai tsaye zuwa jini. Tsamin shayin kansa ya kusa na ruwan kal, yana iya cinye sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa.

An ma gani a aikace. A 1998 mujallar likitoci ta JAMA ta buga rahoto daga Iran, inda mutane kimanin 20 suka kamu da ciwon saifa na fata bayan sun shafa wannan faifai da aka raina a wuri maras tsabta. Ciwon saifa ba baƙonmu ba ne. A 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja. Tunda daga dabbobi ake ɗaukarsa, gidan da ake kiwo a tsakar gida ya fi kowa dalilin yin hattara.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon sugan Mama. Suga yana kashe jijiyoyin jin zafi a ƙafa, yana rage gudun jini, don haka ciwo kan ci ciki mai shi bai sani ba. Na sha ganin ƙafar da aka kawo a naɗe da tsumma, mai ita tana cewa ai ba ya mata zafi, da aka kwance sai wari ya cika ɗaki, ƙashi na leƙowa. Gyambon wata uku na asibiti ne, a cikin makon nan. A auna sugarta, a duba ko jini na isa ƙafar, a kankare mataccen nama, kuma ta rage taka ƙafar. Haka nake faɗa wa masu sikila da ke fama da gyambon idon sawu.

Kafin ku je, ki wanke hannunki da sabulu, ki wanke ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce, ki rufe da bandeji mai tsabta, ki canja kullum. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da baƙin mai, ban da fasa kafso a barbaɗa. Ki tambayi likita ko lokacin allurar tetanus ɗinta ya yi.

Idan kika ga ja yana yaɗuwa a gefen ciwon, ko kumburi, ko mugunya mai wari, ko zazzaɓi, ko yatsa ya fara baƙi, kada ki jira gari ya waye.