Na Dawo Daga Jinyar Agara, Gasar Farko Ta Ba Ni Kunya: Ko Gudu Ya Ƙare Mini Ke Nan?

Tambaya: Ni matashi ne mai sha'awar gudun dogon zango, a da ina cinye kilomita 10 cikin minti 44. Ciwon agara ya zaunar da ni wata huɗu. Da na ji sauƙi na koma atisaye na mako shida, sannan na shiga wata gasar kilomita 10 a kan titi. Na fara lafiya lau, amma daga kilomita na shida numfashi ya gagare ni, ƙafafu suka yi nauyi, waɗanda nake bari a baya a da suka yi ta wuce ni, da ƙyar na ƙarasa a minti 53. Tun ranar raina a ɓace yake. Shin gudu ya ƙare mini ke nan? Ko in ninka atisaye in shiga wata gasar da za a yi nan da mako uku, in wanke kaina? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Na ji daɗin wannan tambaya, domin masu gudu da yawa sun ɗanɗani irin wannan rana, sai dai kaɗan ne ke faɗa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me ya ci maka minti tara, kuma me ya kamata ka yi yanzu.

Kafin komai, ɓacin ranka yana kan hanya. Wanda ya yi wata huɗu yana kallon abokai suna fita da asuba shi yana gida, ya ƙwallafa rai a kan rana guda, ranar kuma ta zo ba yadda ya so ba, dole ya ji zafi. Kada ka bari a ce maka ai wasa ne kawai. Ka ba zuciyarka 'yan kwanaki ta huce, amma kada ka yanke wata shawara a cikinsu, ko ta daina gudu ko ta sayen fom ɗin wata gasa.

To, me ya faru a jikinka? Idan mai gudu ya zauna, abin da ke fara raguwa shi ne ruwan jini, wato ɓangaren jini mai ruwa-ruwa da ƙwayoyin jini ke iyo a cikinsa. Wannan yana faruwa tun a makonnin farko. Da jinin ya ragu, abin da zuciya ke turawa a kowane bugu sai ya ragu, don haka sai ta ƙara saurin bugawa kafin ta biya wa tsoka buƙatarta. Bayan haka ita ma tsokar tana rage ƙwarewarta wajen amfani da iskar oksijin. A 1984 wani masani a Amurka, Edward Coyle, da abokan aikinsa sun bibiyi 'yan wasan da suka daɗe suna horo sannan suka daina gaba ɗaya. Sun ga iyakar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita ta sauka da kimanin kashi 7 cikin 100 a mako uku na farko, ta kai wajen kashi 16 bayan kusan wata biyu, daga nan ta tsaya. Kai kuwa wata huɗu ka yi. Mako shida na atisaye, wanda na tabbata rabinsa tafiya ce da sassarfa, ba zai cike wannan giɓi ba.

Amma ka lura da ƙarshen binciken, don a nan albishir yake. Ko bayan mako 12 babu horo, mutanen nan sun fi waɗanda ba su taɓa horo ba, kuma ƙananan hanyoyin jini da shekarun atisaye suka shimfiɗa a tsokarsu suna nan ba su ɓace ba. Shekarun da ka yi kana gudu ba su bi ruwa ba. Abin da ya sauka shi ne ɓangaren da ke saurin tafiya, shi ne kuma mai saurin dawowa.

Akwai kuma maganar yadda ka fara. Ka ce ka fara lafiya lau, kuma ina zaton da saurinka na da ka fara, wato kusan minti 4 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita. Ƙwaƙwalwa ba ta manta wannan saurin ba, ga taron jama'a, ga zumuɗin dawowa. Sai dai jikin da ka zo da shi ranar ba zai iya riƙe shi fiye da rabin hanya ba, shi ya sa a kilomita na shida ya karɓi bashinsa. Da ka fara a minti biyar cif, mai yiwuwa da ka gama kusa da minti 50, kuma da ka gama kana wuce mutane maimakon su wuce ka. Minti 53 ɗin nan bai ma nuna ainihin ƙarfinka na yanzu ba, balle na gobe.

Yanzu ga abin da na fi so ka tsaya a kansa. A duk wasiƙarka ka yi maganar numfashi da nauyin ƙafa da mutanen da suka wuce ka, amma ba ka ce agarar ta motsa ba. Idan haka ne, to ka samu sakamakon da ya fi muhimmanci ba ka duba shi ba. Agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau da yawa a kowane taku na gudu, kuma a kilomita 10 taku dubbai ne. Gasar farko bayan jinya, a wurina, jarrabawar ƙafa ce kafin ta zama ta agogo. Ka tambayi kanka: da na sauko daga gado washegari, taku goman farko yaya suke? Ta sandare fiye da kullum? Ta kumbura? Jiki magayi ne, kuma da safe agara ta fi faɗin gaskiya.

Ko manyan duniya ba su tsira daga wannan ba. Paula Radcliffe ta Ingila ita ce ta taɓa riƙe tarihin gudun yada-ƙanin-wani na mata, awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, wanda ta kafa a Landan a 2003. A watan Mayun 2008 aka gano tsagewa a ƙashin cinyarta, irin wadda yawan gudu ke jawowa. Ta yi jinya, ta lallaɓa ta je wasannin Olamfik na Beijin a watan Agusta da horon da bai cika ba, ta zo ta 23. Mako 11 bayan haka ta lashe gasar birnin New York. Ba na cewa ka auna kanka da ita, domin tana da likitoci da masu horarwa, kuma gudun ne sana'arta. Amma ka ga mace ɗaya ce, a shekara ɗaya, kuma abin da ya raba ranakun biyu shi ne makonnin horo a kan lafiyayyar ƙafa. Ka kuma lura ko ita mako 11 ta ɗauka, ba uku ba.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, kuma zan faɗa maka kai tsaye: kada ka ninka atisaye, kuma ka bar gasar nan ta mako uku ta wuce. Dalili shi ne sassan jiki ba sa farfaɗowa tare. Zuciya da numfashi suna dawowa cikin makonni, amma jijiya da ƙashi watanni suke buƙata, domin jini bai cika ratsa jijiya kamar yadda yake ratsa tsoka ba. Kamar katangar laka ce: waje ya bushe har ka ɗauka ta ƙanƙame, ciki kuwa da sauran danshi, in ka aza mata azara da wuri sai ta tsage. Lokacin da ya fi haɗari ga mai dawowa daga jinya shi ne lokacin da numfashi ya fara daɗi, yana jin zai iya ƙarawa, ga kuma fushin gasa yana ingiza shi.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka ware wata biyu zuwa uku. Mafi yawan gudunka ya zama na sannu, wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. Ka riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci ɗaya, ko nisa ko sauri ko hawan tudu, ba duka tare ba. Tudu musamman yana matsa wa agara, ku kuma a Jos ba ku rasa shi ba, don haka ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri tukuna. In likitan gashin ƙashi ya ba ka motsa jiki, kada ka yar da shi don kawai ciwo ya lafa. Wanda aka fi sani, tsayawa a bakin matakala a ɗaga dunduniya a kuma sauke ta sannu a hankali, likitan Suwidin Håkan Alfredson ya tsara shi a 1998 a kan mako 12, mutane da yawa kuwa suna watsar da shi tun kafin su kammala.

Game da ciwo, ma'aunin da likitocin gashi da yawa ke bi ga agara shi ne: ɗan ciwo mai sauƙi lokacin gudu ba laifi, muddin bai sa ka ɗingishi ba, ya lafa kafin safiya, kuma bai ƙaru daga mako zuwa mako ba. Wannan rangwame bai shafi ƙashi ba. Ciwon da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a ƙwauri ko saman ƙafa, mai tsananta in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ko mai damunka da dare, maganar asibiti ce, ba ta haƙuri ba.

Abu biyu game da magani, tunda kantin magani a kusa yake da kowa. Kada ka sha diclofenac ko ibuprofen don ka samu ka yi gudu. Suna rufe bakin ciwon da ya kamata ka saurara, kuma suna wahalar da ƙoda in jiki ya yi ƙarancin ruwa. Sannan ciprofloxacin, wanda ake yawan sha a nan da sunan taifot, an san yana raunana jijiya har ya kai ga tsinkewar agara. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi kan haka tun 2008. In za a rubuta maka shi, ka shaida wa likita tarihin ƙafarka.

In lokacin komawa gasa ya yi, ka gwada kanka kai kaɗai a kilomita biyar kamar mako biyu kafin ranar, ka ɗauki saurin da za ka fara da shi daga wannan gwaji, ba daga minti 44 ɗinka na da ba. Kilomita uku na farko ka riƙe kanka ko da ana wuce ka, in da sauran ƙarfi ka sake shi daga na bakwai. Idan kuma agarar ta motsa washegarin gasar da ta wuce, ka fara komawa wurin likitan gashi kafin duk abin da na lissafa. Allah ya ƙara sauƙi, ka rubuto mana yadda ta kaya.