Darasi na Bakwai: Koyon Kanikancin Injunan Masana'antu da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata mun yi nazarin sana'o'in Hausawa na gado, irin su ƙira da saƙa da jima. A wannan darasi kuwa za mu dubi wata sana'a da zamani ya zo da ita, wato kanikancin injunan masana'antu. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana aikin mai wannan sana'a, da hanyoyin koyonta, da yadda kalmominta suka shigo Hausa.

1.1 Aikin Bakaniken Masana'anta

Bakaniken masana'anta ya bambanta da na mota. Shi ne yake girka manyan injuna a ma'aikata, ya daidaita su, ya riƙa kula da su, ya kuma gyara su in sun lalace. Ana samun irinsa a unguwannin masana'antu kamar Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka. Jigon aikinsa rigakafi ne. Misali, idan sandar da ke juyawa a mota mai amfani da lantarki ba ta yi saiti da ta famfon da take ja ba, boris zai riƙa cinyewa, injin ya yi zafi, ya kama jijjiga da baƙon kuka. Gwani yakan gane waɗannan alamomi tun kafin injin ya tsaya, domin tsayuwar inji ɗaya tana iya dakatar da aikin ma'aikata baki ɗaya.

1.2 Hanyoyin Koyo

Hanya ta farko ita ce zaman yaro a hannun ubangida har a yaye shi, kamar yadda ake yi a maƙera. Ta biyu ita ce karatun shekara uku a kwalejin fasaha, inda ake ɗaukar jarrabawar hukumar NABTEB wadda aka kafa a 1992. Ta uku ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, inda ake yin shekara biyu a sami ƙaramar difloma, sannan a ƙara biyu don babba. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedikwata a Kaduna, ita ke tantance waɗannan kwasa-kwasai. Haka nan asusun ITF, da aka kafa a 1971, ya ɓullo da shirin SIWES a 1973 don tura ɗalibai ma'aikatu su gwada abin da suka karanta. Kowace hanya aka bi, dole mai koyo ya iya awo da lissafi, da karanta zanen inji, da walda, da dokokin kare kai. Babbar doka ita ce a kashe wuta a kulle makunninta kafin a sa hannu cikin inji.

1.3 Kalmomin Sana'ar

Yawancin kalmomin wannan sana'a aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka akan saƙala wasali tsakaninsu, kamar a giris da filaya da sifana. A filaya da sifana kuma sautin /p/ ya koma /f/. Wasu kalmomin kuwa gado ne daga maƙera, kamar guduma da awartaki da zarto. Wajibi ne malamin Hausa ya san waɗannan kalmomi, domin da yawa daga cikin masu koyo da Hausa ake yi musu bayani a bakin inji, kuma kuskuren fahimtar gargaɗi ɗaya yana iya raba mutum da yatsunsa.

1.4 Kammalawa

Mun ga cewa wannan sana'a tana buƙatar ilimi da basira, ba ƙarfi kaɗai ba. Saboda haka bai dace malami ya nuna wa ɗalibansa cewa sana'ar hannu ta wanda karatu ya gagara ce ba.

Auna Fahimta

1. Bambanta bakaniken masana'anta da na mota.
2. Kawo hanyoyi uku na koyon wannan sana'a.
3. Ziyarci wurin injin niƙa mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi 10, ka ware na aro daga na asali.