Aikin Malamin Daji

A unguwar Daurawa, da Gyaɗi-Gyaɗi, da Tarauni, babu gidan da ba ya amfani da itace. Ƙofa da benci da allon karatu duk na itace ne. Daddawa daga ɗorawa ta ke, miyar kuka kuwa daga ganyen kuka. Amma gidaje sun cinye gonakin da ke nan a dā, itacen girki da gawayi sai an kawo su a mota daga nesa. In kowa ya sare, ba mai dasawa, wata rana ƙasa za ta zama fako.

Saboda haka ne hukuma ta ke keɓe wani daji ta hana sara da farauta a cikinsa. Irin wannan shi a ke kira gandun daji. Wanda ya ke kula da shi kuwa shi ne malamin daji.

Babban misali a ƙasar Kano shi ne dajin Falgore, wanda ke kudu, a kan hanyar Jos. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga. Saiwoyin itatuwa su ke riƙe ƙasar gaɓar kogin. In aka sare su, sai ruwan sama ya kwashe ƙasar, ya cika madatsar da laka. Daga kogin nan kuwa a ke ɗiban wani sashe na ruwan famfon birni a Tamburawa. Ashe mai tsaron Falgore ruwan shan Kano ya ke tsaro.

Wannan aiki sai da ilmi. An buɗe makarantar koyon aikin daji a Jos cikin 1958. Cikin 1963 Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi, ita ce ta farko a Nijeriya. Yanzu Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen ilmin daji da namun dawa. Yaron da ke son shiga, lalle ne ya dage da lissafi da kimiyya da aikin gona tun daga firamare har sakandare.

Karatun jami'a shekara 5 ne. Ɗalibi zai koyi sunayen itatuwa da halin kowanne. Zai san cewa gawo yana zub da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Zai koyi yadda a ke renon iri a lambu, da lokacin dashe, da auna tsawon itace da kaurinsa, da zana taswirar daji, da tare gobara. Shekara ɗaya cikin biyar ɗin a fili a ke yin ta, cikin rana da raɓa.

In ya gama, ayyuka na jiransa. Wani ya zama jami'in gandun daji na jiha. Wani ya kula da namun dawa, kamar a Yankari. Wani ya shiga bincike ko koyarwa, wani kuma ya buɗe lambun sayar da dashe na kansa. Akwai kuma aikin tare hamada. Cikin 2007 ƙasashen Afirka suka yi shawara su dasa shingen itatuwa tun daga Sanagal har Jibuti, Jihar Kano kuwa tana cikin inda aikin ya shafa.

Aikin daji na mai haƙuri ne. Kaɗanya ta kan yi fiye da shekara 10 kafin ta fara 'ya'ya. Sau da yawa wanda ya dasa ba shi ke shan inuwa ba, sai na bayansa.

Tambayoyi

1. Mene ne gandun daji?
2. Yaya dajin Falgore ke taimakon mutanen Kano?
3. Faɗi ayyuka uku da mai ilmin daji zai iya yi.